Ranar Da Tsohuwa Ta Ƙi Sauke Ƙafa

Kusan shekara ashirin yayana Hamish ya yi yana haɗa jirgin nan kafin ya taɓa barin ƙasa. Jirgin yaƙi ne na zamanin yaƙin duniya na biyu, mai kujera ɗaya da farfela ɗaya a hanci. Gawarsa ya sayo daga wani tsibiri, aka kawo ta cikin akwatunan katako, rabi ƙarfe rabi tsatsa, har da saiwar itace a cikin fiffike ɗaya. Irinsa masu iya tashi a duk duniya ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma Hamish ya san masu su ɗaya bayan ɗaya, ya san wanda injinsa ke tari, ya san wanda matarsa ta gaji ta tafi. Mu a gida Tsohuwa muke ce wa jirgin.

Tsohuwa ta ci gonarmu da sannu. Mahaifinmu ya bar mana gonar tumaki a gindin duwatsu, a tsibirin kudu na New Zealand, ni na karɓi rabona na bar wa Hamish ƙasar. Fadamar bakin kogi ita ta tafi a gyaran inji. Shanun suka tafi a farfela, wadda wani tsoho guda a Turai ne kaɗai ya iya yin irinta, shi ma sai da aka yi shekaru ana jiran layi. Idan ta yi awa ɗaya a sama, sai Brodie bakanike ya yi kwanaki a ƙarƙashin cikinta yana dube-dube. Man da take sha a tashi ɗaya ya ishi motar gona wata guda. Abin da ya fi ciwo, shekarar da aka gama haɗa ta likita ya gano ciwon zuciya a jikin Hamish, aka karɓe masa lasin tuƙi. Bai taɓa tashi da ita ba ko sau ɗaya. Yakan dai shiga ya zauna a kujerar, a cikin rumfa, ya rufe gilashi.

Mijina Rewi ne ke tuƙa ta. Sana'arsa watsa taki ta jirgi a gonakin kan tudu, ya shekara talatin yana kutsawa tsakanin duwatsu da ƙaramin jirgi cike da kaya, bai taɓa dawowa gida da labarin tsoro ba. Shi da Hamish abokai ne tun kafin ya san ni. Hamish na kiransa Mai Taki, shi kuma yana kiransa Dattijo, kullum cikin tsiya suke.

Ranar Asabar ce, ana saura mako guda bikin jiragen sama da ake yi lokacin Ista a kwarin da ke bayan namu. An gayyaci Tsohuwa, don haka Rewi zai ɗan gwada ta da safe, kafin iskar arewa maso yamma ta taso, domin an ce da rana za ta yi ƙarfi. Na sauko filin da shayi a fulas da burodi da naman rago mai sanyi. Filin namu ciyawa ce kawai, doguwa, tsakanin shingen waya da layin itatuwa. Mu uku ne a ƙasa, ni da Hamish da Brodie.

Ta tashi lafiya. Ƙarar injin nan idan ta bugi dutse ta dawo, har a haƙarƙari mutum ke jin ta. Rewi ya yi 'yan juye-juyensa a saman tafki, ya dawo ya zagayo don sauka. Ina zuba wa Brodie shayi na ga ya daina kallon kofi. Ya ce ƙafa ɗaya ce a waje.

Ƙafafunta biyu na gaba naɗewa suke cikin fukafukai idan ta tashi, su fito idan za ta sauka. Ta hagu ta fito ta tsaya daidai. Ta dama ba alamarta. Rewi ya wuce ta kanmu ƙasa-ƙasa, ya ƙara wuta ya sake hawa, sannan muryarsa ta fito daga oba-obar da ke hannun Hamish.

"Dattijo, matarka ta ƙi miƙe ƙafar dama. Ka yi mata magana, ƙila ta ji taka."

Hamish ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. Ya ce ya mayar da ta hagun ciki ya sake fito da su tare. Rewi ya yi. Ta hagun ta shiga ta fito, ta daman shiru. Brodie ya karɓi oba-obar ya ce ya gwada famfon hannu da ke gefen kujera. Muka ji numfashin Rewi yana bugawa, yana zagin famfon da wanda ya ƙera shi. Ba ta motsa ba. Aka ce ya hau sama sosai ya sako hanci ƙasa, sannan ya fizge ta da ƙarfi, ko nauyin ƙafar ya ɓalle abin da ya riƙe ta. Ya yi haka a saman tafki, muna kallo, jirgin ya zama ɗan ɗigo ya faɗo ya sake miƙewa. Ya wuce ta kanmu a hankali ya karkata mana cikinta. Brodie ya duba da tabaron hangen nesa ya ce murfin ramin ƙafar ya ɗan buɗe kamar faɗin hannu, ya maƙale a nan.

Na koma gefe na kira 'yan kwana-kwana da motar asibiti. Garin da nisa, kuma 'yan kwana-kwanarmu manoma ne masu aikin sa kai, sai an tattaro su daga gonaki. Matar da ta ɗauki wayar ta ce za su zo da iyakar saurinsu. Da na dawo, na tarar safar iska da ke kan sanda, wadda ke nuna ƙarfin iska da inda ta nufa, ta fara ɗagawa. Iskar da aka ce sai da rana ta yi sammako, kuma ta gefen filin take bugowa, ba ta gaba ba.

Na tambayi Brodie abin da ya rage a yi, na ce ya faɗa mini ba tare da kwana-kwana ba. Ya ce hanya biyu ce. Ko Rewi ya naɗe ƙafar hagun ita ma, ya kwantar da jirgin a kan cikinsa bisa ciyawa. Wannan ya fi sauƙi ga matuƙi, galibi akan fito da ƙafafun mutum, amma farfela za ta dagargaje, cikin jirgin zai murƙushe, injin kuwa sai an warware shi kaf, ƙila ma ya tashi aiki. Ko kuma ya sauka a ƙafa ɗaya, ya kashe inji, ya riƙe fiffiken dama a sama har gudu ya ƙare. Idan an dace, bakin fiffike kaɗai zai lalace. Idan iska ta bugo a daidai lokacin, fiffiken zai caki ƙasa, jirgin ya wuntsila ya kife a kan mutumin da ke ciki. Na tambaye shi laimar dirowa daga jirgi da Rewi ke ɗaure da ita fa. Ya ce Rewi ya haura hamsin da biyar, bai taɓa dira da laima ba, ƙasan kuma duwatsu ne da ruwan ƙanƙara.

Hamish yana can yana ta ba da umarni. A sake famfo. A sake fizga. A karkata hagu da dama da sauri. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga duk da sanyin safiyar. Rewi ya ce allurar mai ta fara kwanciya, abin da ya rage ba zai kai su nisa ba. Hamish ya ce a ƙara gwadawa sau ɗaya. Da aka gwada ya ce a ƙara.

Na tsaya a gabansa na dafe oba-obar da hannuna. Na ce, "Yaya, ya isa. Ka ce masa ya kwantar da ita."

Bai dube ni ba, idonsa na sama. Ya ce akwai sauran lokaci. Na ce ƙarfe ne, masu inshora su biya a sake gyarawa, ai don irin wannan ranar yake zuba musu kuɗi duk shekara. Sai ya sauke ido. Fuskarsa ta yi fari kamar ulun da aka wanke.

"Babu inshora, Morag. Tun bara na daina biyan ta jikin jirgin. Ta biyan mutanen da jirgin zai iya yi wa ɓarna a ƙasa kaɗai na bari, wadda doka ta tilasta. Ko inshora ko gyaran inji, ɗaya zan iya, na zaɓi inji."

Na tambaye shi ko Rewi ya sani. Ya girgiza kai. Brodie ya juya mana baya yana gyara tulunan kashe wuta a bayan a-kori-kura, na gane shi ya daɗe da sani.

Na tsaya ina kallon yayana, mutumin da ya goya ni zuwa makaranta ranar da dusar ƙanƙara ta rufe hanya, ina lissafin yadda zan ƙwace abin nan daga hannunsa. Na riga na yanke a raina cewa zai sa mijina ya sauka a ƙafa ɗaya. Sai muryar Rewi ta sake fitowa, wannan karon ba wasa a cikinta. Ya ce ya gama shawara, zai kawo ta a ƙafar hagu. Ya ce ya taɓa saukar da jirgin taki da fasasshiyar taya a kan tudu mai gangare, wannan ba zai fi shi ba. Ya ce a janye motar daga gefen dama.

Hamish ya dubi safar iska. A lokacin ta miƙe sosai, tana kaɗawa tana saki, tana sake miƙewa. Itatuwan gefen fili sun fara sunkuyawa. Ya danna oba-obar ya ce iskar ta yi yawa, kuma ba a tsaye take ba, bugowa take tana ɗaukewa.

Rewi ya ce yana ganinta, zai iya.

Na karɓi oba-obar, wannan karon Hamish bai hana ni ba. Na ce wa Rewi ni ce, ya naɗe ƙafar nan ya kwantar da jirgin. Ya ce, "Uwargida, shekara ashirin na mutumin nan ne a ƙarƙashina. Ba zan nome masa gona da su ba." Na ce ni kuma shekara ashirin da shida nawa ne a cikin kujerar. Na san ya riga ya gama magana a zuciyarsa. Jirgin ya yi nisa can ƙarshen kwari, ya fara juyowa, ƙafa ɗaya na reto a ƙarƙashinsa.

Hamish ya miƙo hannu na ba shi. Ya ce, "Mai Taki, jirgin wa kake tuƙawa?"

"Naka."

"To na ce ka naɗe ƙafar. Ka kashe mai, ka kashe wuta, ka buɗe gilashi, ka kwantar da ita a tsakiyar fili."

Jirgin na ƙara girma. Sannan Rewi ya tambaya a hankali, kamar mai jin kunyar tambayar, ko inshora za ta ɗauki irin wannan. Ya ce idan za ta ɗauka, to. Idan kuwa ba za ta ɗauka ba, kada a ɓata masa lokaci.

Hamish ya dube ni. Ya ɗaga oba-obar. Ya danna.

"Za ta ɗauka, har da farfela. Sabuwa za su saya mini, in huta da wannan mai tarin. Kwantar da ita, kada ka sa ni asarar kuɗin da na daɗe ina biya."

Rewi ya yi wata gajeriyar dariya ya ce ashe Dattijo wayo yake so ya yi wa mutane. Ya ƙara wuta ya wuce ta kanmu, muka ga ƙafar hagun ta lanƙwashe ta shige. Ya ce zai zagayo sau ɗaya, kuma shi ne na ƙarshe, domin injin ya fara yi masa gyatsa.

Brodie ya tada mota, na haye baya tsakanin tulunan kashe wuta. Hamish ya ƙi hawa. Ya tsaya inda yake, oba-obar a rataye a hannunsa.

Ban taɓa ganin Tsohuwa ta zo ƙasa haka ba tare da ƙafafu ba, sai ta yi mini kama da abin da aka yanke wa wani sashe. Ta tsallake shingen waya da kaɗan. Ƙarar injin ta ɗauke, sai fiton iska kawai, farfelar na juyawa a hankali. Iska ta buge ta daga gefe, fiffiken dama ya nutsa, na ji Brodie ya ja numfashi ta tagar mota. Rewi ya daidaita ta. Ta yi ta shawagi dab da ciyawa kamar ba za ta taɓa ba, har na fara tunanin filin zai ƙare. Sai jelar ta taɓa, cikin ya biyo.

Ƙarar ba irin wadda na zata ba ce. Ba fashewa, sai wani dogon gurzawa mai nauyi, da ƙarar farfela tana kakkaryewa. Guntayenta suka yi sama, ƙasa da ciyawa suka tashi suka rufe jirgin. Ya yi ta ja a kan ciki, ya fara juyawa gefe, ya juya har hancinsa ya kalli inda ya fito, fiffike ɗaya ya ɗaga sama. Na ga ƙasan fiffiken gaba ɗaya. Ya tsaya haka kamar yana shawara, sannan ya koma ya faɗi daidai.

Brodie ya kai mu kafin ƙurar ta kwanta. Tururi na fita daga ƙarƙashin hanci, ga warin mai ko'ina. Na dira na hau fiffike ban san lokacin da na yi ba. Rewi na zaune, kansa a sunkuye, jini na zuba daga goshinsa zuwa cikin ido. Na kira shi. Ya ɗago ya ce in daina ihu a kunnensa, in kwance masa ɗamarar kafaɗa, hannunsa na hagu ya ƙi aiki. Muka fito da shi ni da Brodie, muka ja shi nesa, Brodie ya koma ya zazzage tulunan duka a kan injin. Wuta ba ta tashi ba.

Hamish ya iso a ƙafa, yana haki, leɓɓansa sun canza launi. Bai kalli jirgin ba. Ya durƙusa gaban Rewi ya kama fuskarsa da hannu biyu yana duba idanunsa, kamar yadda yake duba ragon da ya faɗo daga dutse. Rewi ya ce ya yi haƙuri. Hamish ya ce ya rufe masa baki. Da motar asibiti ta zo, su biyun ta ɗauka, domin ma'aikaciyar ta ɗora abin awo a ƙirjin Hamish ta ce ba za ta bar shi a nan ba.

Ƙashin wuyan kafaɗar Rewi ne ya karye, aka kuma yi masa ɗinki a goshi. Hamish ya kwana biyu a asibitin garin Timaru aka sallame shi da ƙarin magunguna. Ni ban faɗa wa Rewi maganar inshora ba, na ga ba tawa ba ce. Ya yi ta tambaya yaushe mutanen za su zo duba ɓarnar, Hamish na ce masa sai bayan biki. Ranar da Rewi ya iya tuƙa mota da hannu ɗaya ya tafi rumfa da kansa, ya tarar da Brodie ya buɗe injin, ya tambaye shi kai tsaye. Brodie ba ya iya ƙarya.

Ya dawo gida bai ci abinci ba. Ya ce da ya sani da ya kawo ta a ƙafa ɗaya, kuma da ya iya. Na ce ƙila da ya iya. Ya ce an mayar da shi yaro, an yanke masa hukunci da ƙarya a kan abin da shi ne ya fi kowa sani. Na ce haka ne, kuma da Hamish bai faɗa ba ni da na faɗa. Ya tashi ya fita wajen karnuka.

Duk lokacin sanyin nan bai taka gidan Hamish ba. Idan sun haɗu a kasuwar tumaki sai su gaisa da kai. Hamish bai ba shi haƙuri ba, ya ce mini ba zai roƙi gafarar abin da zai sake yi gobe ba. Labarin da Brodie ya kawo kan injin kuma bai yi daɗi ba. Babban sandan cikin injin ya tsage, irinsa kuwa babu a kasuwa, sai dai a jira wani jirgin ya mutu a gaji nasa. Tsohon mai yin farfela ya rasu, ɗansa ya rufe shagon. Hamish ya yi ta buga waya ƙasashe, waɗanda ke da kayan suka ƙi sayarwa, don kowa na ɓoye wa nasa jirgin. Abin da ya rage masa na sayarwa gidan da yake ciki ne da tumakin.

Da bazara wani mai tara irin waɗannan jirage daga Ostareliya ya aiko mutanensa. Yana da inji a ajiye, yana da abin da zai kashe. Suka cire fukafukan, suka naɗe komai da bargo, suka shigar cikin manyan akwatunan ƙarfe biyu. Aikin na buƙatar hannu da yawa. Da safen da za a ɗora gangar jikin, na ga Rewi ya sa takalmin aiki ya fita. Na bi shi.

Ya kama igiya ɗaya, Hamish na riƙe da ɗayar, suka yi ta ba mai motar ƙugiyar ɗaga kaya umarni suna saɓa wa juna, har baƙin suka rasa wanda za su bi. Da aka rufe ƙofar akwatin, ɗaya daga cikin baƙin ya ce idan ta tashi, nan da wasu shekaru, za a aiko musu su zo su gani. Hamish ya yi godiya. Rewi ya ce a gaya wa duk wanda zai tuƙa ta cewa tana ja hagu idan an ba ta wuta da sauri.

Motocin suka fita ta ƙofar gona, suka bi hanyar bakin tafki. Hamish ya tsaya hannu a aljihu har suka sha kwana. Sannan ya ce hadari na haɗuwa a kan dutse, kuma tumakin da suka haihu suna can sama, ya kamata a sauko da su kafin ruwa. Rewi ya ce da wannan zuciyar tasa ba inda zai hau, ya zauna a mota ya riƙa buɗe ƙofofin shinge. Ya yi wa karnuka fito, suka tafi tare.